Bilya, Wanda Ya Nuna wa Baba Fuskar Jikansa

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. A ranar Laraba, 13 ga watan Agusta, 2025, wadda ta yi daidai da 19 ga Safar, 1447, bayan sallar la'asar, Allah Ya karɓi ran ƙanena Bilyaminu Ya'u Indabo, wanda mutanen Wudil suka fi sani da Bilya, a wani asibiti da ke Kano. Ya rasu yana da shekara talatin da huɗu. Ciwon sikila da ya zo duniya da shi ne ya zama ajalinsa. Washegari da hantsi aka kai shi makwancinsa a Indabo, ƙasa tana jiƙe da ruwan da aka kwana ana yi. Ya bar matarsa Khaulat, da ɗansa Jamil, da mahaifinmu Malam Ya'u, da mu 'yan'uwansa.

Bilya, tun da aka fita da kai na kasa zama wuri guda. In shiga ɗaki in fito, in ɗauki tsintsiya in ajiye, in leƙa zaure kamar wadda ta aiki wani kasuwa tana jiran ya dawo. Matan da suka zo gaisuwa sai cewa suke yi, "Saudatu, ki zauna mana, ki yi ta salati." Ina yin salatin, amma a tsaye. Ko wannan rubutun ban yi shi a zama ɗaya ba. Na sha tashi na bar shi, in zagaya tsakar gida in dawo. Ashe rashin zaman nan naka da muka yi ta yi maka faɗa a kai, ni ka bar wa shi.

Kana ƙarami aka kawo ka Wudil gidan Kawu Haruna, ƙanen mahaifiyarmu, don ka kasance kusa da asibiti, ni kuma aka haɗo ni da kai in yi makaranta in riƙa kula da kai. A gidan akwai wata 'yar talabijin mai baƙi da fari, eriyarta a ɗaure a kan doguwar gora a bayan ɗaki. Duk lokacin da ciwon ya tashi, a gabanta ake shimfiɗa maka katifa, in riƙa gasa maka gwiwoyi da tsumma da ruwan ɗumi. Yara suna waje suna ƙwallo, kai kana kwance kana cije leɓe, idonka a kan gilashin nan. Idan iska ta kaɗa gorar, hoton ya cika da tsaki kamar an watsa gero, sai ka ce in je in juya ta. Ina bayan ɗaki rungume da gora, kana ciki kana ɗaga 'yar muryarka: "Yaya, wajen kogi! Kaɗan. Tsaya! Kin wuce." Wata rana na gaji na shigo na ce maka ai ana ganin mutanen, me ya rage? Ka dube ni da jajayen idanu ka ce, "Idan hoton ya fito tas ina mantawa da ƙafata." Daga ranar ban ƙara ƙorafin juya gora ba.

Da wannan ka tashi. Ka yi karatun kwamfuta a jami'ar garin nan, ka samu aiki a ɗakin kwamfutocinta, amma abin da ya cinye maka zuciya shi ne hoton talabijin. Ba ka iya shiga falon mutum ka zauna lafiya. Kafin a kawo maka ruwa idonka ya riga ya kai kan bango, ka fara mutsu-mutsu a kujera. Ko dai an baje hoton har mutane sun koma gajeru masu faɗi, ko ja ya yi yawa fuskoki sun zama kamar tumatir, ko gefen hoton ya yanke ya cinye rubutun ƙasa. Abin da ya fi ƙona maka rai shi ne fuskar baƙin mutum ta nutse cikin duhu, a ga farar riga da haƙora kawai. Kakan ce a shago ake cika wa talabijin haske da launi don ta ja idon mai saye, mutane kuma su kai ta gida su yi shekaru a haka, ba su san abin da suke rasawa ba. Ma'auninka ɗaya ne: fatar mutum. Idan ta fito kamar yadda take a tsakar gida da rana, to an gama. Idan ba ta fito ba, babu mai hutawa.

Har yau a dangi ana ba da labarin ranar da ka je gaida surukinka, Alhaji Sulaiman, dillalin shanu a kara. An yi ta ja maka kunne a hanya cewa ka sunkuyar da kai, kada ka ce uffan sai an tambaye ka. Kun zauna a kan darduma kai da abokanka, ana labarai a talabijin, mai karantawa ta yi faɗi kamar randa, fuskarta ruwan lemo. Abokanka sun ce gumi ya yi ta karyo maka, suka ɗauka kunya ce. Can sai suka ji ka ce, "Baba, a gafarce ni. Ko za a ba ni aron rimot ɗin nan?" Alhaji ya miƙo maka, ka durƙusa a gaban talabijin ka yi 'yan danne-dannenka, matar nan ta koma siffar mutane. Alhaji ya daɗe yana kallo, sannan ya tuntsire da dariya ya ce ashe shekara da shekaru yana zargin baiwar Allah da ƙiba a banza. Kuma kai ne ka dage a yi gwajin jini kafin a sa rana. Ka ce ba za ka haifi yaron da zai yi kwanciyar da ka yi ba. Allah Ya dube ka, Jamil ya zo lafiyayye.

A falonka ka haɗa abin da kake kira gidan sinimarka. Wata tsohuwar kwamfutar tebur ce da ka tara kayanta ɗaya bayan ɗaya daga Kano, ka ajiye ta ƙarƙashin talabijin, ka jona mata wayar dish. Yadda ka yi mini bayani, kwamfutar ce take fara karɓar hoton, ta wanke shi, sannan ta miƙa wa talabijin. Ka nuna mini yadda ɗan ƙwallo yake fitar da layi-layi kamar haƙoran mashaci idan ya ruga, ka danna wani abu, layukan suka ɓace. Ka nuna mini yadda hoton yake ɗan tsalle idan kyamara ta juya, ka ce kwamfutar da talabijin ne ba sa tafiya da taki ɗaya, ka daidaita su. Ni dai rabin bayanin ya wuce ni. Khaulat takan ce ba ta taɓa kallon fim daga farko har ƙarshe a gidanta ba, domin ana tsaka da kallo za ka tsayar, ka ce baƙin can bai cika baƙi ba. Mu duka mun ɗauke shi wasa, irin ƙwaƙƙwafin da ake yi wa mai shi uzuri saboda ba shi da lafiya. Sai da idon Baba ya fara tafiya muka san amfaninsa.

Bara ne, bayan an gama girbi, muka lura Baba yana tuntuɓe da turmi da bokiti, yana wuce mutum a gefensa bai gan shi ba. Likita ya ce hawan jinin ido ne, kuma ya ci nisa. Ya ba da maganin ɗigawa, ya ce zai rage saurin abin, amma wanda ya tafi ya tafi, sauran ma yana kan hanya. Ka ɗauko Baba daga Indabo ka dawo da shi gidanka. A daidai wannan lokacin ne aka yi wa ƙanenmu Saifuddeen haihuwa a Malesiya inda yake karatu, ɗa namiji, aka mayar masa da sunan Baba, ana kiransa Abba. Saifuddeen ba shi da halin zuwa sai ya gama, kuma babu wanda ya san ko idon Baba zai jira.

Baba ba mutum ne mai roƙo ba. Sau ɗaya ya faɗa, yana alwala, kamar da kansa yake magana: "Da dai na ga takwaran nan nawa." Aka nuna masa a waya, ya matso da ita, ya nisanta ta, ya ce hasken yana sukar idonsa, ya mayar. Kai kuwa ka ji maganar, kuma daga ranar ka daina zama kwata-kwata.

Da farko ka yi abin da kowa zai yi. Ka aro wata ƙatuwar talabijin daga wani gidan kallon ƙwallo da ka taɓa gyara musu hoto, aka kawo ta a kurkura, ka cika bango da fuskar jariri. Muka zaunar da Baba a gabanta cike da murna. Ya yi ta juya kai sama da ƙasa, dama da hagu, kamar mai neman tsuntsu a bishiya. Ƙarshe ya ce, "Ina ganin wani abu ja-ja, amma ban san mene ne ba. Ku bar shi, Allah Ya yi muku albarka." Ya lalubi sandarsa ya fita. Na ga fuskarka a ranar, Bilya. Ban taɓa ganin ciwo ya sa ta yi haka ba.

Washegari na zo na same ka a tsakar gida da wani tsohon tabarau, ka shafe gilashinsa da man shafawa, ka naɗe kwali kamar bututu ka kafa a ido, kana yawo kana karo da kaya. Na ɗauka ka zautu. Ka ce ka koma wurin likitan ka tambaye shi yadda Baba yake gani, ya ce maka gefe da gefe duk ya mutu, ɗan tsakiya ne ya rage, shi ma da hazo. "Yaya, wauta na yi," in ji ka. "Na ba shi bango guda, alhali ta ƙofar allura yake leƙe. Ƙanƙanta hoton zan yi." Ka mayar da ƙatuwar talabijin, ka koma kan taka. Da tabarau mai maiƙo da bututun kwali ka riƙa zama a kujerar Baba, kana rage girman hoton a kwamfuta har ya dawo kamar tafin hannu biyu a tsakiyar gilashi, kewayensa baƙi ƙirin. Ka rage hasken da ke sukar ido, ka ƙara bambanci tsakanin duhu da haske, ka fito da gefen hanci da na ido. Ka sa Khaulat ta ɗinka labule mai kauri, ka matsar da kujera gaba, ka dawo da ita baya, ka yi wa ƙasa alama da alli.

Sai kuma ka ce hoton da Saifuddeen ya turo ba shi da rai, waya ta matse shi a hanya ta zubar da rabinsa, kuma kwamfuta ba ta ƙirƙiro abin da babu. Ka tasa yaron nan a gaba. Ka ce ya ɗauki bidiyo da rana kusa da taga, kada taga ta kasance bayan jaririn, ya jingina wayar da wani abu kada hannu ya yi rawa, ya shimfiɗa farin zane, ya turo ba tare da an matse ba. Ya turo, ka ce a sake. Ya sake, ka ce inuwa ta rufe ido ɗaya. Har Saifuddeen ya kira ni ya ce, "Yaya, ki yi wa Yaya Bilya magana, matata ta ce jaririn ba ɗan fim ba ne." Na yi maka maganar. Ka ce in gaya masa ya sake.

Ana cikin haka ciwonka ya tashi, irin mai tsananin nan da yake kama ka a ƙugu da baya. Aka kwantar da kai ana ƙarin ruwa. Ko a gadon ba ka bar mu mun huta ba. Kullum tambayarka, an ɗiga wa Baba magani? Yau ya gane ƙofa da kansa? Da Khaulat ta gaya maka ya zuba shayi a gefen kofi, sai ka fara roƙon a sallame ka. Likita ya hana, na hana, na yi maka faɗa irin wanda ban yi maka ba tun kana yaro. Ka bari na gama, sannan ka ce, "Yaya, ni na saba da nawa, zai tafi ya dawo. Na Baba idan ya tafi shi ke nan." Da ƙyar aka riƙe ka har jikin ya ɗan lafa. Ranar da aka sallame ka, ko ɗaki ba ka shiga ba, falo ka wuce kana dafa bango.

Ranar Juma'a ce, bayan an sauko daga masallaci. Aka saki labule, ka kama hannun Baba ka zaunar da shi a kan alamar allin nan. Kai ba ka iya tsayuwa sosai, a ƙasa ka zauna kusa da kwamfutar. Ka ce, "Baba, kada ka juya kai. Ka duba gabanka kawai, inda hannuna yake." Ka ɗora yatsa a tsakiyar gilashin, ka janye, hoton ya fito. Ka rage masa gudu, jaririn yana motsi a hankali kamar a cikin ruwa. Baba ya ƙura ido har na fara cewa a raina wannan ma bai yi ba. Sai jaririn ya juya kai ya yi hamma. Baba ya ɗaga hannu ya ce, "Tsaya." Ka tsayar da hoton. Ya ɗan sunkuyo, ya daɗe, sannan ya ce, "Kunnen Inna ne. Wallahi kunnen mahaifiyata ne, ga lanƙwasar nan." Ya sa gefen rawani ya share ido, ya ce a sake masa daga farko. Aka sake, aka kuma sakewa, har aka kira la'asar. Na waiwaya in ga yadda kake murna, na tarar ka jingina da bango, idonka a kan gilashin, kana cewa a hankali wai goshin ya ɗan yi haske da yawa.

Daga nan kullum da hantsi Baba yakan zauna a kujerar, ka kunna masa Abba, wani lokaci ka kamo masa tashar da ke nuna ɗawafi, ka ƙanƙanta ta yadda Ka'aba za ta zauna daidai inda idonsa yake da sauran rai. Haka aka yi har zuwa azumi. Bayan sallah, ƙaramar ƙofar nan da idonsa yake leƙe ta cikinta ta rufe. Wata safiya ya ce maka, "Bilya, kashe abin nan, ka huta. Na ga abin da zan gani." Ka fito tsakar gida ka yi ta zagaye, ka rasa abin da za ka taɓa.

Da damina ta kankama, sanyin ruwa ya tayar maka da ciwon, wannan karon a ƙirji. Daga nan Wudil aka wuce da kai Kano. Kana numfashi da ƙyar, amma ka ba Khaulat saƙo cewa kada a bar Jamil ya riƙa kallo a cikin duhu, a kunna ƙaramar fitila a bayan talabijin. Ka tambaye ni ko an kai wa Baba goronsa. Daga nan ba ka ƙara maganar duniya ba. Ina riƙe da hannunka kana maimaita kalmar shahada har muryar ta ɗauke.

A zaman makoki na ga mutanen da ban san ka san su ba. Wata dattijuwa, Halima, ta taho daga Kausani a bayan babur cikin yayyafi. Ta ce mijinta ya shekara biyu a kwance, ɓarin jikinsa ya shanye, ba ya iya ɗaga kai. Kai ne ka je ka ɗaure musu 'yar talabijin a saman gado, ka karkata ta daidai idonsa, ka haɗa ta da batirin sola, ka koma har sau nawa kana gyara launi. Ta ce ko ruwan gidansu da ƙyar kake sha. Wasu iyaye biyu suka ce haka ka yi wa 'yarsu mai irin ciwonka, kuma ka zauna ka gaya mata abin da za ta yi idan ƙafa ta fara. Ba ka taɓa ba mu labarin ko ɗaya ba. Mu dai mun san kana fita ranar Asabar da jakar wayoyi a kafaɗa, mu yi ta mita cewa ba ka tausayin jikinka.

Kafin a rufe maka fuska, Baba ya ce a kai shi wurinka. Kawu Haruna ya riƙe masa hannu ya durƙusar da shi. Ya lalubo goshinka, ya bi girarka da yatsa, ya sauko kan kumatu da haɓa, a hankali, bai bar ko'ina ba. Ya daɗe hannunsa yana kan ƙirjinka. Sannan ya ce, "Yau dai yaron nan ya kwanta." Ya ce a tashe shi.

Ya Allah, ga bawanKa Bilyaminu ya zo gare Ka. Ka san daren da ya yi yana juyi da ranar da ya yi yana cije leɓe, tun yana yaro har ya girma, bai taɓa cewa don me ba. Ka sa wannan ciwo ya zama kankarar zunubansa. Ka gafarta masa, Ka yi masa rahama, Ka yalwata kabarinsa, Ka haskaka shi. Yadda ya tausaya wa mahaifinsa da marasa lafiyar da ba su da mai leƙa su, Ka tausaya masa. Ka ba shi hutun da bai samu a nan ba, Ka sada shi da mahaifiyarmu a Aljannar Firdausi, Ka azurta su da ganin zatinKa.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Baba, Allah Ya ƙara masa haƙuri a kan haƙuri. Ga Khaulat, wadda ta yi jinya ba ta taɓa ɗaga murya ba, Allah Ya saka miki da alheri, ƙanwata, gidanmu gidanki ne har abada. Ga Jamil, Allah Ya raya ka, Ya albarkace ka. Ga Saifuddeen da ya yi kukansa shi kaɗai a ƙasar mutane, ga Kawu Haruna, ga Alhaji Sulaiman da iyalansa, ga abokan aikinsa na jami'a, da jama'ar Indabo da Kausani da Wudil da suka tako cikin ruwa da taɓo, Allah Ya ba kowa lada, Ya mayar da kowa gida lafiya. Wanda Bilya ya ɓata wa, don Allah ya yafe masa. Mu kuma da muka rage, Allah Ya kyautata namu ƙarshen, Ya sa mu cika da imani. Amin.

Yayarka,
Saudatu Ya'u Indabo
Wudil